Yanda za ka kalli shirin gasa na talabijin idonka a buɗe

Wani daren Lahadi na shigo gida na tarar da ƙanwata zaune gaban talabijin tana share hawaye da gefen mayafinta, gabana ya faɗi na ɗauka wani abu ne ya faru a dangi, ashe wata yarinya ce aka kora daga wani shirin gasa da ta yi sati shida tana bi. Ranar na yi faɗa sosai, na kashe kallon, na ce kar na ƙara ganin an kamo tashar nan a gidan. Bai yi amfanin komai ba, washegari a waya ta ci gaba da kallonta, abin da kawai ya canza shi ne yanzu a ɓoye take yi. Shi ne na canza dabara, na ce to mu zauna mu kalla tare amma da sharaɗi, zan riƙa yi miki tambaya kina ba ni amsa. Abin da zan rubuta a nan hanyar da muka bi ce, duk mai ƙanne ko 'ya'ya ko shi kansa yana kallo zai iya gwadawa.

Irin shirin da nake nufi shi ne wanda ake tara mutane na gaske, ba 'yan fim ba, a kulle su a gida ko a tsibiri ko a wani fili, a sa musu kuɗi a gaba, a riƙa korar su ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum ɗaya. Maganar tsiraici da rashin kunya da ke cikin wasu, malamai sun yi ta sun gama kuma gaskiya suka faɗa, ni ba ita ce a gabana yau ba. Abin da ya fi damuna shi ne karatun da shirin yake koya wa yaro ko da kowa a ciki ya rufe jikinsa ruf, wato cewa duniya kashin dankali ce, na sama ya danne na ƙasa, kuma wanda aka danne ɗin laifinsa ne.

Abu na farko, ka ɗauko takarda da biro. Da gaske nake. Ka zauna awa ɗaya cur kana kallo, duk sanda ka ga sunan wani kamfani ka ja layi. Ba tallan da ake sakawa a tsakani kaɗai ba, har wanda ke jikin bango, da rigar da aka ba su suka saka, da lemon da ke kan tebur, da wasan da aka ce wai kamfani kaza ne ya kawo. Kafin awar ta cika za ka ga takardar ta cika da layi, kuma daga nan za ka fara gane cewa gidan nan shago ne, mutanen da ke ciki su ne allon talla, kai kuma idonka ake sayar wa kamfanonin. Sai ka duba su waye manyan masu ɗaukar nauyin. A Big Brother Naija misali, a 2019 Bet9ja ne, a 2020 Betway ne, duka biyun kamfanonin caca, daga baya kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Abeg da Moniepoint suka karɓa. Wannan ba haɗuwar tsautsayi ba ce, mai sayar da caca yana neman matashin da ya riga ya yarda cewa dare ɗaya ake yin arziki, kuma ga shi an tara masa su miliyoyi wuri guda.

Yana da kyau kuma ka san dalilin da ya sa tashoshi ke son irin wannan shirin tun asali, arha gare shi. Fim sai ka biya marubuci, ka biya jarumai, kuma a Amurka suna da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi da ba sa ɗaukar raini. A 1988 marubutan can suka yi yajin aiki na kusan wata biyar, tashoshi suka shiga neman abin da ba ya buƙatar marubuci, shekarar da ta biyo baya aka fara Cops inda kyamara ke bin 'yan sanda kawai. Yajin aikin 2007 zuwa 2008 ma haka aka cike gurbi da irin waɗannan. Shi Big Brother wani ɗan kasuwar talabijin ne a ƙasar Holan mai suna John de Mol ya ƙirƙiro shi a 1999, daga nan aka riƙa sayar da lasisinsa ƙasa-ƙasa kamar yanda ake sayar da kowace haja. Na Najeriya ma ba mu muka ƙirƙira ba, lasisi ne, MultiChoice ke nuna shi.

Na biyu, ka fasa kyautar ka ga abin da ke cikinta. Adadin da ake shela da shi yana da daɗin ji, amma ka nemi nawa ne tsabar kuɗi. A 2020 da Laycon ya ci an ce naira miliyan 85, tsabar da ke ciki miliyan 30 ce, sauran gida ne da mota da tafiye-tafiye da kayan masarufi, kuma duk kamfanonin da ke talla ne suka bayar, wato kyautar ita kanta wani tallan ce. Sannan ka auna da dala. Katung Aduwak da ya ci na farko a 2006 dala 100,000 ya samu. A 2024 an ce miliyan 100, kunne zai ji kamar an ninka abin sau ba adadi, amma lokacin dala ta haura naira 1,500, ka buga lissafin da kanka za ka ga bai kai dala 70,000 ba. Kuma a wannan shekarar ce aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 da kyar bayan doguwar jayayya da ƙungiyar ƙwadago. Ma'aikacin da ke kan wannan albashin sai ya yi sama da shekara 100 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara miliyan 100, to ka ga dalilin da ya sa dubban matasa ke tururuwa neman shiga, ba wai ba su da hankali ba ne, ƙofofin ne suka yi kaɗan.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa, don nan ne zuciyar maganar. Ka daina kallon halin mutanen, ka kalli ƙa'idar wasan. Duk sanda aka yi faɗa a shirin, kafin ka ce wance muguwa ce ko wane munafuki ne, ka tsaya ka tambayi kanka wace doka ce masu shirin suka kafa da ta kai su ga wannan faɗan. Za ka sha mamaki, kusan kullum akwai ta. Abinci ba ya isa, amma ba don babu ba, kamfanin da ke kashe biliyoyi ba shinkafa ce za ta gagare shi ba, da gangan ake ɗaura cefanen sati a kan wani aiki da in suka faɗi sai a rage musu, yunwa ta kama su, rai ya ɓaci, a fara rigima a kan ƙwai da taliya, kyamara tana ɗauka. A wani shirin gasa mai suna Survivor 'yar shinkafa kaɗan ake ba su a tsibiri su yi ta rama a gaban idon duniya. Ga rashin barci, ga babu waya babu labarin gida, ga giya a wadace daren fati. Ko waliyyi ka saka cikin wannan yanayin sati uku za ka ga wani abu.

Sai babbar dokar, wacce ita ce ginshiƙin komai: dole ka miƙa sunan wani a kore shi. Ba za ka ce ni ban da kowa ba. Wanda kuka ci abinci kwano ɗaya jiya, ya ba ka labarin mahaifiyarsa har kuka yi kuka tare, yau za a kira ka ɗaki kai kaɗai ka faɗi sunansa, ka fito ka rungume shi. Kuma in ka yi hakan da kyau sai masu sharhi su ce ka iya wasa. A Survivor na Amurka na farko a shekarar 2000, Richard Hatch ya ci dala miliyan 1 ne saboda ya haɗa wata 'yar ƙungiya ta mutum huɗu suna kaɗa ƙuri'a baki ɗaya suna cire sauran, lokacin mutane da yawa sun ji haushinsa suna ganin cin amana ne, yau kuwa duk wanda ya shiga bai yi haka ba ana ganin bai san abin da yake yi ba. Mutum sama da miliyan 50 ne suka kalli daren ƙarshe na wannan zagayen. Shekaru kaɗan suka isa a mayar da abin kunya ya zama gwaninta.

The Apprentice da aka fara a 2004 shi ko ɓoyewa bai yi ba. Mutum 16 na neman aiki ɗaya mai albashin dala 250,000 a shekara, Donald Trump na zaune a kujerar maigida, duk sati sai ƙungiyar da ta faɗi ta shigo kowa yana ɗora wa ɗan uwansa laifi, a ƙarshe ya nuna mutum da yatsa ya ce an kore ka, kuma wannan kalmar ita ce abin da masu kallo ke jira. Duk wanda aka taɓa sallama daga aiki ya koma gida yana tunanin yanda zai kalli iyalinsa ya san wannan ba abin tafi ba ne. Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne na Netflix na 2023. Asalin Squid Game fim ne mai dogon zango na Koriya ta Kudu, labari ne a kan mutanen da bashi ya yi wa katutu har suka yarda su yi wasa da ransu don masu kuɗi su yi nishaɗi, wato kukan talaka ne. Sai aka ɗauko shi aka mayar da shi gasa ta gaske, mutum 456, kyauta dala miliyan 4.56, kuma tsarin shi ne duk mutum ɗaya da ya fita ana ƙara dala 10,000 a tukunyar, ka ga an yanka wa faɗuwar ɗan uwanka farashi ke nan, kana gani a allo kana murna. An ɗauki wasan farko a wani tsohon rumbun jiragen sama a Ingila cikin sanyin Janairu, wasu daga cikin waɗanda suka shiga sun faɗa wa 'yan jarida cewa awanni suka yi a tsaye cikin sanyi har wasu suka buƙaci likita, kamfanin ya ce babu wanda ya ji mummunan rauni.

In kana so ka ga bambancin da kyau, ka kwatanta da gasar da muka tashi muka gani. A dambe ko a kokawa, kamar wacce ake yi ta takobi a Nijar duk shekara, abokin karawarka yana gabanka, ya san da kai ka san da shi, ƙarfi da dabara ne a fili, in ka kayar da shi ka miƙa masa hannu ya tashi, gobe ku haɗu a wani filin. A musabaƙa ma wanda ya zo na biyar bai rasa haddarsa ba. Gasa ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne ta wace hanya ake cin ta, da iyawarka ko da kayar da wanda ya amince da kai. Wannan tambayar ka riƙa yi wa kowane shiri, za ta raba maka su gida biyu nan take.

Na gaba, ka koyi gane hannun mai tace hoto. Kyamarori da yawa suna ɗauka dare da rana, abin da ya iso gare ka ɗan tsagi ne wani ya zaɓa. Ko inda ake cewa kai tsaye ne awa 24, akwai wanda ke zaune yana zaɓar wace kyamara za a nuna yanzu, balle guntayen bidiyon da ke yawo a TikTok da Instagram waɗanda su ne yawancinmu muke gani. Ga gwaji mai sauƙi, in kana jin muryar mutum yana faɗin magana mai zafi amma ba a nuna bakinsa ba, ana nuna maka bayansa ko fuskar wani, ka yi shakka, ana iya yanko rabin jimla daga Litinin a haɗa da rabi daga Alhamis. Ka lura da kaya da kitso da hasken rana, in sun canza tsakanin tambaya da amsa to ba lokaci ɗaya ba ne. Ka rage sauti ka kalli wurin babu kiɗan da aka ɗora, sau da yawa za ka ga hira ce kawai ta yau da kullum. Kowane zagaye sai an samu mugu da abin tausayi da masoya biyu, ba don Allah ya haɗa su haka ba, tun wajen tantancewa aka zaɓo su don su cike waɗannan guraben.

Maganar ƙuri'a kuma ka yi wa kanka iyaka tun kafin a fara. Ana ce maka ikon a hannunka yake, kai ne za ka ceci gwaninka. A 2020 masu Big Brother Naija sun ce an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900, ya ninka yawan 'yan ƙasar gaba ɗaya sau huɗu, don mutum ɗaya yana iya kaɗawa sau da yawa. Kuma ba daidai ake rabawa ba, mai biyan babban kunshin DStv ana ba shi ƙuri'u dubbai, mai ƙaramin kunshi 'yan ɗaruruwa, wato nauyin muryarka gwargwadon nauyin aljihunka. Ga data, ga dare da ake rabawa ana yaƙi da magoya bayan wani a intanet, ga gurup na WhatsApp inda ake karo-karo wai za a saya wa gwani mota. Duk wannan aiki ne kake yi wa kamfani kyauta, kai ne ɗan tallansu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Abin da muka yi da ƙanwata shi ne ta rubuta duk abin da ta kashe na data a wata guda saboda shirin, ban ce mata komai ba, ita ta kalli jimlar. Shawarata kar ka saka ko naira ɗaya a karo-karon da ba ka san wanda ke riƙe da asusun ba, kuma duk gurup ɗin da aka fara zagin wata 'yar takara da iyayenta ka fita.

Sannan ka bi sawun waɗanda suka faɗi. Ka ɗauki zagayen shekara uku da suka wuce, ka gwada tuna sunan mutum biyar na farko da aka kora. Da wuya ka iya. Shirin yana nuna maka mutum ɗaya da aka watsa wa takardu masu ƙyalli a kai don ka manta da ashirin da suka koma gida, wasu sun bar aiki don su shiga, sun fito da suna babu kuɗi, kowa ya san fuskarsu ba za su iya hawa Keke Napep ba tare da an ɗauke su hoto ba. Wani lokacin abin ya wuce nan. A Suwidin a 1997, mutumin farko da aka kora daga Expedition Robinson, shirin da ya haifi Survivor, ya kashe kansa kafin ma a fara nunawa. A Ingila mutum biyu da suka taɓa shiga shirin gasa na Love Island, Sophie Gradon a 2018 da Mike Thalassitis a 2019, su ma haka. Ba na cewa shirin ne kaɗai sanadi, rayuwar mutum tana da faɗi kuma Allah ne masani, amma abin ya kai hukumar Ofcom mai kula da kafofin watsa labarai a can ta kafa dokoki a 2021 da suka wajabta wa tashoshi kula da lafiyar waɗanda suke sakawa a shiri. Kafin ka rubuta zagi ƙarƙashin hoton wata da aka kora, ka tuna ranar da aka mayar mata da wayarta za ta karanta.

In kuma kai ne kake son shiga ko wani naka, to kar ka sa hannu a takardar da ba ka kai wa lauya ba. Ka tambaya za a biya ka kuɗin kwanakin da ka yi ko sai wanda ya ci kaɗai, waye ke da ikon hotonka da muryarka kuma har zuwa yaushe, an yarda su yanka maganarka yanda suka ga dama, in ka ce ka fasa a tsakiya akwai tara, in ka yi rashin lafiya waye zai biya, bayan ka fito akwai wani kaso da za su riƙa cira daga tallan da ka samu. Kar ka ji kunyar tambaya, aiki za ka yi musu. A Faransa babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a 2009 cewa waɗanda suka shiga wani shirin tsibiri na tashar TF1 ma'aikata ne, tunda ana ba su umarni ana tsara musu lokacin barci da tashi, don haka dokar ƙwadago ta hau kansu. Kuma ka san ko kyautar akwai haraji a kanta, shi Richard Hatch ɗin nan gidan yari ya ƙare a 2006 saboda bai biya harajin kuɗin da ya ci ba.

In da yara kake kallo kar ka mayar da zaman wa'azi, za su gudu su koma waya. Tambaya ɗaya ko biyu ta isa a dare guda, kuma ka bari sai lokacin talla. Waye ya kafa dokar da ta sa suka yi faɗan nan? Da kai ne za ka faɗi sunan abokinka? In da su duka za su haɗa baki su ce ba wanda za mu miƙa, me masu shirin za su yi? Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya wa ƙanwata, ta yi shiru can ta ce ai ba za a bari ba, hukunta su za a yi. Na ce to me ya sa, ta ce don in suka haɗa kai babu shirin. Har yanzu tana kallo wani lokacin, ban hana ta ba, amma ta daina kaɗa ƙuri'a kuma ta fita daga gurup ɗin da kanta, satin da ya wuce ma ita ce ta taɓo ni tana nuna min wani wuri da aka sa muryar wani saurayi alhali bayansa kawai ake nunawa.